Soket Ya Kawo Wuta Ba Shi Ne An Haɗa Shi Daidai Ba

Jama'a akwai wani abu da yake damuna sosai game da yadda ake ɗaukar aikin soket a gida, mutum zai ɗaura sabon soket a bango ya soka caja ya ga wayarsa ta fara caji, shi kenan a wajensa aiki ya kammala sai a mayar da sukurdireba cikin akwati. To gaskiyar magana soket zai iya kawo wuta lafiya lau alhali an juya wayoyinsa, zai iya kawowa alhali babu atin, wato wayar kariya, kwata-kwata a bayansa, zai iya kawowa sukurun da ya riƙe wayar yana lilo, kuma zai iya kawowa da siririyar wayar da ba za ta iya ɗaukar dutsen guga ba. Duk waɗannan kurakuran caja ba za ta nuna maka ko ɗaya ba, sai ranar da abin ya tashi faruwa, kuma abin da yake faruwa ɗin ko dai gobara ce ko wuta ta ja mutum. Shi ya sa nake son mu ɗan zauna mu warware abin da yake bayan wannan farar robar.

Mu fara da wayoyin. Soket na gida wayoyi uku ne suke shigarsa, in ka juya bayansa za ka ga an rubuta L da N da E a jikin ramukan da ake ɗaure su. L ita ce layif, ita ke kawo wutar, ita ce mai ja. N nutural ce, ta nan wutar take komawa bayan ta ratsa ta cikin firji ko fanka ko duk abin da ka soka, don wuta ba ta aiki sai ta samu hanyar zuwa da ta dawowa. Ita kuwa E, wato atin, a ranar da komai yake lafiya ba ta ɗauke da komai, zaune kawai take, kamar ƙofar baya ce da ba a bi sai ranar da aka samu matsala. Kuma wannan zaman da take yi ba aiki shi ne yake sa mutane suke raina ta, wani ma ya yanke ta ko ya naɗe ta ya cusa a cikin akwatin bango wai ai ba ta da amfani.

Ga amfaninta. A ce wayar layif ta cikin injin wanki ta goge ta taɓa jikin ƙarfen injin. In akwai atin mai kyau, jikin injin a haɗe yake da ita, wuta mai yawa za ta kwarara ta nan take, bireka, wato makunnin da yake yanke wutar layi da kansa, ta ga abin ya wuce ƙima ta faɗi, kai dai kawai za ka ga wuta ta ɗauke a ɓangaren. In babu atin kuwa, injin zai ci gaba da aikinsa kamar ba komai, jikinsa ɗauke da cikakkiyar wuta yana jiran wanda zai zo ya taɓa, kuma mai taɓa injin wanki yawanci hannunsa a jiƙe yake ƙafarsa ba takalmi. Mutumin shi zai zama hanyar da wutar za ta bi ta sauka ƙasa.

Batun kala kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. A tsarin da Turai da ƙasashe masu yawa suke bi yanzu, layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, atin kuma kore da ɗorawa a haɗe. Amma tsohon tsarin Birtaniya layif ja ce nutural baƙa, sai a 2004 suka fara canzawa, daga 2006 ya zama dole a kowane sabon aiki, kuma har gobe akwai gidaje birjik a duniya da ja da baƙi ne a bangonsu. A Amurka kuma baƙar waya ita ce mai wuta, fara ce nutural, atin kore ko kuma tsirarar waya ba roba. Ka ga baƙar waya ɗaya, a wani tsarin ita ce nutural a wani tsarin ita ce mai kisa, to wanda ya kalli bidiyon wani ɗan Amurka yana haɗa soket ya zo ya buɗe bangon da aka yi wa wayarin da tsohon tsarin Birtaniya me kake tsammani zai faru. Ban da wannan ma, ba ka san wanda ya yi wayarin ɗin farko ba, wataƙila jar waya ce ta ƙare masa ya ƙarasa da abin da ya samu. Kala tana ba ka hasashe ne kawai, abin gwaji ne yake ba ka tabbas.

Wani zai ce to ai wutar gida mai kai da komowa ce, sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe sau 60 a Amurka, in an juya layif da nutural meye a ciki tunda kayan suna aiki? E suna aiki, amma makunnin da yake jikin soket da fiyus ɗin da yake cikin fulogi duk a kan layif aka tsara su zauna. In ka juya, makunnin ya koma yana yanke nutural, ka kashe shi na'ura ta tsaya kai kuma ka ɗauka babu wuta, alhali wutar ta shiga har cikin na'urar tana nan zaune, hanyar fita kawai aka toshe mata. Haka fiyus, ya ƙone amma na'urar tana nan da wuta a cikinta. A soket mai ramuka uku irin na Birtaniya in kana kallonsa ta gaba, atin ne a sama, layif a ƙasa ta dama, nutural ta hagu, amma ta baya kowane kamfani da inda yake sa ramukansa, don haka kar ka ce tsohon da na cire a nan jar take, karanta harafin da aka rubuta a jikin sabon.

Yanzu mu zo kan kaurin waya, wanda ni a ganina shi ne inda aka fi cutar masu gida ba su sani ba don abin a cikin bango yake ba wanda yake gani. Lissafin ba wuya, wat ɗin na'ura ka raba da volt sai ya ba ka amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da take ja. Butar dafa ruwa mai wat 2000 a wutar volt 230 tana jan kusan amfiya 9, fulogi mai fiyus na amfiya 13 kuma iyakarsa wajen wat 3000. A inda wuta take volt 120 irin Amurka layin amfiya 15 wat 1800 ne iyakarsa. Wayar soket a tsarin volt 230 ita ce mai kaurin 2.5, wato milimita sukwaya, wadda take ɗaukar wajen amfiya 20 zuwa 27 gwargwadon yadda aka binne ta, in tana cikin bututu a cushe da wasu ko cikin abin da yake riƙe zafi abin da za ta ɗauka yana raguwa. Mai 1.5 ta fitilu ce. Manyan kaya irin kuka ta lantarki da babbar hitar wanka su layinsu daban ake ja musu tun daga allon bireka da waya mai 4 ko 6 ko ma fiye, ba a haɗa su da soket ɗin ɗaki.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne bireka wayar take karewa, don haka dole girmanta ya dace da wayar da take bayanta. In ka sa bireka mai amfiya 32 a kan waya mai 1.5, wayar za ta yi zafi robarta ta narke tana hayaƙi a cikin bango birekar tana nan tsaye ba ta san ana yi ba, don a wajenta ba a kai 32 ba tukuna. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji an ce bireka tana yawan faɗuwa sai aka canza ta da babba. Faɗuwar nan da take yi aikinta take yi, tana gaya maka kaya sun yi wa layin yawa ko akwai matsala a wani waje, kai kuma ka cire mai gaya maka ka bar matsalar. Sannan wannan ɗabi'ar ta jawo soket daga wayar fitila ko daga bayan makunnin fitila saboda nan ne ya fi kusa, to layin fitila siririyar waya ce da ƙaramar bireka mai amfiya 6 ko 10, sau da yawa ma a bayan makunni babu nutural, kuma wanda zai zo bayanka ya soka hita bai san daga ina ka jawo ba.

Ita kanta wayar a duba ta. Akwai wadda ake sayarwa kamar jan ƙarfe ce zalla amma alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, in ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari ya fito a ciki, ba ta da nauyi a hannu kuma tana saurin karyewa in ka lanƙwasa ta sau biyu uku. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, wajen kashi 60 cikin 100 yake ɗauka a kauri ɗaya, kuma yana saki a ƙarƙashin sukuru da daɗewa. Amurka sun gwada wayarin ɗin gidaje da alminiyom daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, mahaɗan suka riƙa zafi ana samun gobara, har yau masu duba gidaje a can suna neman irin wannan wayar in za a sayi tsohon gida.

Akwai kuma yadda ake jera soket ɗin a layi. Hanya mai sauƙi ita ce waya ta taso daga bireka ta shiga soket na farko ta wuce na biyu har ta ƙare a na ƙarshe, da waya 2.5 ana sa mata bireka 16 ko 20. Ɗaya hanyar ta Birtaniya ce da ta zo tare da fulogin nan mai fiyus a 1947 bayan yaƙin duniya na biyu, wato zobe, waya ta fita daga bireka ta zaga duk soket ɗin ta dawo cikin birekar da ta fito, kowane soket wuta tana zuwa masa ta ɓangare biyu, shi ya sa ake iya sa bireka 32 a kan waya 2.5. Dabara ce mai kyau amma tana da wani mugun aibi, in zoben ya tsinke a wani waje, a ce wani ya canza soket waya ɗaya ta zame daga raminta, babu soket ɗin da zai daina aiki ko ɗaya, kowa yana samun wuta ta ɓangaren da ya rage, sai dai yanzu waya ɗaya mai 2.5 ce take iya ɗaukar kayan da aka tsara wa biyu ga bireka 32 a kanta. Don haka in ka buɗe soket ka ga layif biyu nutural biyu atin biyu, duka za su koma, kowane biyu a raminsu ɗaya a ɗaure tam. In kuma reshe za a ciro daga zobe ba tare da fiyus ba, soket ɗaya tak ake yarda ya ɗauka, ko mai baki ɗaya ko mai baki biyu, ba a ciro reshe daga jikin reshe.

To wajen aikin kansa. Kafin hannu ya taɓa komai a kashe bireka, kashe makunnin jikin soket ba komai ba ne don wayoyin bayansa suna nan da wutarsu. Kuma a tuna gida yana iya samun wuta ta fiye da hanya ɗaya, janareto ko inbata ko sola, inbata ma ita aikinta kenan ta kawo wuta da zarar ta layi ta ɗauke, wato kai kana kashe babbar bireka ita tana mayar maka da wutar cikin bango. Ɗaukewar wuta daga kamfani ma ba kashewa ba ce, za ta iya dawowa waya tana hannunka. A gaya wa mutanen gida, a manna takarda a kan allon birekar kar wani ya zo ya ga duhu ya tayar. Sannan a gwada, kuma gwajin yana da tsari, ka fara gwada abin gwajin a inda ka san akwai wuta ka ga yana aiki, ka gwada wayoyin da za ka taɓa, layif da nutural, layif da atin, nutural da atin, ka sake komawa inda akwai wuta ka tabbatar bai mutu a tsakani ba. Testa ɗin nan mai kamar sukurdireba da ake danna wa yatsa a gindi ni ban yarda mutum ya jingina ransa da ita ba, haskenta ba ya ganuwa sosai a cikin rana, in kana tsaye a kan abin da ba ya wuce da wuta za ta iya ƙin kamawa alhali wutar tana nan, a samu mitar gwajin wuta ko abin gwaji mai baki biyu.

Feɗe waya kuma daidai zurfin ramin ake yi, wajen santimita ɗaya ko abin da kamfanin ya nuna a bayan soket ɗin. In ka feɗe da yawa jan ƙarfe zai leƙo waje tsirara, ranar da aka tura soket cikin akwati ya taɓa ƙarfe ko ya taɓa 'yar'uwarsa. In ka feɗe kaɗan sukurun zai danne roba maimakon ƙarfe, wuta tana wucewa ta ɗan gefen da ya taɓa. Kar wuƙa ta ci jikin ƙarfen don nan ne zai karye daga baya, in mai silli-silli ce a murɗe ta duka su shiga ba a yanke wasu don ta samu shiga rami. In waya ɗaya ce a babban rami a ninka bakinta biyu sukurun ya samu abin kamawa. Ka ɗaure, sannan ka ja kowace waya da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ta motsa ba ta ɗauru ba. Wayar atin in tsirara ce a sa mata rigarta mai kore da ɗorawa, in akwatin bangon na ƙarfe ne shi ma a kai masa atin. A bar wa wayoyin ɗan tsawo a lanƙwasa su a hankali a ciki, a lura kar sukurun fuskar soket ya huda wata wajen rufewa.

Wannan ɗaurin sukurun da nake ta nanatawa, wallahi shi ne ya fi komai cin soket. Duk wanda ya taɓa ciro soket ɗin da ya ƙone ya san yadda yake, fuskar ta yi ɗan ruwan ƙasa a gefen rami ɗaya kawai, ka juya bayan ka ga robar wajen ta kumbura ta yi baƙi, jan ƙarfen ya daina sheƙi ya koma baƙi-baƙi, rigar wayar ta bushe tana farfashewa in ka taɓa ta, ga wani wari kamar na kifi da yake fita tun kafin a ga komai. Dalilin shi ne inda mahaɗi bai kamu ba wuta tana wucewa da ƙyar, wajen sai ya yi zafi, kuma zafin yana ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta. A ce sakin ya jawo turjiya ta rabin om kawai (om shi ne ma'aunin turjiya), aka soka abin da yake jan amfiya 10, 10 sau 10 sau rabi, wat 50 kenan na zafi a wuri ɗaya da bai kai ƙwayar wake ba, a cikin rufaffen akwati. Zafin ya sa ƙarfe ya buɗe ya huce ya tsuke, sukuru ya ƙara saki, tsatsa ta hau, turjiya ta ƙaru, haka abin yake ta cin kansa. Bireka kuwa ba za ta faɗi ba, amfiya 10 take gani kuma 10 ba laifi ba ne a wajenta. Don haka soket ɗin da yake ɗumi in ka taɓa, ko yake ƙara cir-cir, ko fulogi yake lilo a cikinsa sai an tokare, a daina amfani da shi a kashe layinsa har a canza.

Sai wata dabara da wasu suke yi in babu atin a bango, su ɗauki 'yar guntuwar waya su haɗa ramin N da ramin E a bayan soket, in ka soka ƙaramin abin gwajin soket mai fitilu zai nuna maka komai daidai. Wannan ya fi rashin atin ɗin muni. Nutural waya ce mai ɗauke da wuta kullum in ana aiki, ranar da ta saki ko ta tsinke a wani waje can baya, wutar da ta shiga na'ura ba ta da hanyar komawa sai ta bi guntuwar wayar nan ta hau jikin firji da injin wanki da duk wani abu mai jikin ƙarfe da aka soka a wajen, ba tare da na'urar ta lalace ba ma. In kuma aka yi rashin sa'a dama layif da nutural a juye suke, to tun daga ranar farko jikin kayan yana ɗauke da wuta. Haɗuwar nutural da atin tana da wurinta can a tushen wutar gidan bisa tsarin da ake bi, ba a bayan soket ba.

Tunda bireka waya take karewa, me yake kare mutum? Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun daga wajen miliamfiya 1, a wajen 10 zuwa sama hannu yana iya ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe, in ta kai 50 zuwa 100 ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Miliamfiya fa, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, ita kuwa bireka tana jiran 20 ko 32 cikakku. Abin da aka yi don wannan shi ne RCD, a Amurka GFCI suke da shi, aikinsa yana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, in ya ga bambanci ya san wuta tana zurarewa ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Na gida miliamfiya 30 ne, na Amurka wajen 5. Duk soket ɗin kicin da na waje da duk inda ruwa yake kusa bai kamata a ce babu shi ba, ni da za a bi tawa ma duk soket ɗin gida ne, kuma RCD ɗin yana da ɗan maɓalli a jikinsa mai alamar T da ake dannawa duk bayan 'yan watanni a ga ko yana faɗuwa. Amma shi ma ba ya maye gurbin atin, kuma in mutum ya riƙe layif da nutural a lokaci ɗaya ba lallai ya gani ba don abin da ya fita shi ya dawo.

Wajen binne waya a bango a miƙe ake tafiya, ko sama da ƙasa daga soket ko a kwance daidai layinsa, kuma a cikin bututu, saboda mai buga ƙusa gobe zai kalli soket ya san inda zai kauce wa, in ka ratsa ta a karkace don ka rage tsawon waya babu wanda zai iya hasashen inda take. Soket ɗin da za a saya a nemi mai murfin ciki wanda ramukan ƙasa ba sa buɗewa sai dogon ƙarfen atin na fulogi ya shiga, saboda yara, kuma a daina tura tsinke ko biro a ramin sama don a cusa fulogi mai ƙafa biyu ko tsirarar waya, a canza wa na'urar fulogi kawai.

Canza soket ɗin da ya fashe da irinsa a wuri ɗaya, wanda ya fahimci abin da na faɗa a sama kuma yana da abin gwaji na kirki zai iya, in dokar inda yake ta yarda, don akwai ƙasashe irin Ostireliya da ko wannan sai mai lasisi. Amma jan sabon layi, taɓa allon bireka, soket a banɗaki ko a waje, gidan da ba a san ko yana da atin ba, ko ka buɗe ka ga wayoyi sun fi yadda kake tsammani ko kalolin ba su yi kama da komai ba, a nan a kira ƙwararren mai aikin wuta. In ya gama kuma kar ka karɓi aikin don ya soka caja ta kama, ka ce ya gwada a gabanka da mita ya nuna maka layif tana ramin L, atin ɗin soket ɗin yana kaiwa har allon bireka, RCD yana faɗuwa in an gwada shi, sannan ka tambaye shi kaurin wayar da ya sa da girman birekar da take kanta, ya rubuta a jikin allon wace bireka ce take riƙe da wane ɗaki.